Layar Alhaji Safiyanu

Federal Low-Cost, Gombe
3 ga Yuni, 2024

Zuwa ga 'yata Fauziyya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga Bappanki Bamanga, in har kina tuna shi. Ni ne dogon mutumin nan da ya sauko da ke daga kan mangwaro lokacin da babanki ya kawo ki Gombe daga Katsina kina 'yar shekara bakwai. Kakanki Salahuddeen da mahaifina uwa ɗaya uba ɗaya suke, don haka ba ki da hanyar guje mini. Muna nan lafiya, in ban da kunnuwana da suka bi ni ritaya. Shi ya sa ba na waya. Da hannu nake rubutu, 'yata Bashira ta ɗauki hoto ta turo miki. Yaya Ingila, yaya karatun likitanci? Allah Ya ba da sa'a.

Abin da ya sa na neme ki ba mai daɗi ba ne. Kin san layar Alhaji Safiyanu, kakanmu, wadda ya dawo da ita daga Madina. Shekara kusan ɗari ke nan ana ɗaura wa duk macen gidanmu da ta zo haihuwa. Babu wanda ya taɓa buɗe ta, ai ba a buɗe laya. Da Bashira ta sauka a watan jiya sai muka ga fatar ta yage, aka kai wa wani baduku a Tudun Wada ya sake mata riga. Ranar suna sai ga shi da takardar a hannu, wai shi dai bai ga ayar Alƙur'ani ko ɗaya a ciki ba. Turanci ne, Fauziyya! Har da hatimi.

Khalifa mijin Bashira, mai son a san ya yi boko, ya karɓa ya miƙe a tsakiyar rumfa yana karantawa yana fassarawa da ƙarfi. Ni ban ji komai ba, fuskokin mutane kawai na ga suna sauyawa. Takardar ta wani kyaftin ɗin Ingilishi ce, a garin Yanbu, shekarar 1917. Ta ce mai riƙe da ita, Sufyanu Batakare, wato mutumin ƙasashenmu mazaunin can, yana kawo musu labarin Turkawa, kada wani ya tare shi.

Ki duba girman abin. Mahaifinsa a yaƙin Burmi ya yi shahada, a nan ƙasarmu, da harsashin Ingilishi. Uwarsa ta ja hannunsa yana ɗan shekara goma suka bi masu hijira gabas a ƙafa har ƙasa mai tsarki. Da wannan muke ɗaga kai a garin nan. Yanzu ga shi ana cewa ɗan shahidi ya yi wa Nasara leƙen asiri a ƙofar Madina.

Ni zan iya haɗiye wannan. Goggo Jumma ce ba za ta iya ba. Ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yansa, shekararta tamanin da tara. Tun rasuwarsa kowace Juma'a sai ta soya masa a tanda ta yi sadaka dominsa a gidanta na unguwar Madaki, kuma ba ta shafa addu'a ba ta ambaci sunansa ba. Yanzu ta kife tandar. Ta ce bakinta ba zai roƙa wa wanda ya sayar da Musulmi ba. Abinci ma sai an yi da ita, kuma likita ya ce zuciyarta ta gaji. Ina tsoron ta tafi tana fushi da ubanta.

Ga hoton takardar nan, da sa hannun kyaftin ɗin. Mutanen nan ba sa yar da takarda, na koyar da tarihi shekara talatin da biyar, na san halinsu. Don Allah ki bincika mana.

Bappanki,
Bamanga

*

Ingila
20 ga Yuni, 2024

Bappa,

Wa alaikumus salam, barkanmu da Sallah. Ina fata an ci nama lafiya, ni kam kaza na samu. Yaya za a yi in manta da kai? Har yau ina bin ka mangwaron nan a zuciyata. Ina gaida Bashira da jaririya. Ka ce wa Goggo Jumma ƙawarta ta Katsina ta ce ta ci abinci, in ba haka ba in na dawo ba zan kawo mata turare ba.

Bappa, ni allura da magani na sani, ban san ta inda ake shiga tarihi ba. Amma na yi ta tambaya har aka nuna mini wani ɗakin adana tsofaffin takardu a wata jami'a, tafiyar awa biyu a jirgin ƙasa. Wata dattijuwar Baturiya da ke aiki a wurin ta kalli sa hannun, ta shiga ciki ta fito da akwatin kwali. Iyalan kyaftin ɗin sun ajiye littattafan da yake rubuta abin da ya faru kowace rana. Guda biyu ne, na farko aka ba ni.

Aikin kyaftin ɗin shi ne binne nakiya a ƙarƙashin layin dogon da ya tashi daga Sham zuwa Madina. Larabawan da suka yi wa Turkawa tawaye ne suke raka shi a kan raƙuma. Abin da yake buƙata shi ne wanda zai shiga tasha ya gano abin da jirgi mai zuwa ya ɗauko. Kakanmu kuwa ruwa yake sayarwa da salka a wata ƙaramar tasha. Kyaftin ya rubuta cewa Turkawa ba sa ko ɗaga kai su dubi baƙin mutum mai ɗauke da ruwa, kuma bai taɓa ganin mai ido da ƙirga irinsa ba. Yakan yi tafiyar kwana biyu a ƙafa cikin rairayi ya kawo labari, bai manta da tarago ko ɗaya ba.

Abin da aka karanta ranar suna gaskiya ne. A watan Afrilu ya kawo labarin wani jirgi mai ɗauke da makamai, suka tashe shi, mutum goma sha ɗaya suka mutu. Yana wurin, ya gani da idonsa.

Don Allah kada a gaya wa Goggo.

'Yarka,
Fauziyya

*

Gombe
24 ga Yuni, 2024

Fauziyya,

Salamu alaikum. Muna lafiya, ruwa ya sauka sosai, kwarin bayan gidanmu ya ƙara cin ƙasa. Na gode da wahalar da kika yi.

Kin ce kada a gaya mata. Wato ke ma kin ga babu sauran abin da za a rufe da shi ke nan. Na fahimta, kuma na yi niyyar yin shiru. Amma kin manta wace ce Goggo Jumma. Ranar Asabar na je gaishe ta, ko zama ban yi ba ta dube ni ta ce, “Yarinyar nan ta aiko, ko?” Na ce to, karatu ya yi mata yawa. Ta ce, “Bamanga, na haɗa ka da Allah.” To ki gaya mini, me mutum zai yi in an haɗa shi da Allah? Na faɗa mata duka, har da mutum goma sha ɗayan.

Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi. Cewa ta yi a ciro hoton Alhaji daga bango, wanda yake zaune da rawani da tasbaha, a kai shi ɗakin ajiya. Sannan ta juya ta fuskanci bango. Jummy, matar da ke kula da ita, ta ce kunu cokali uku ta sha ranar.

Laifina ne da na tono. Da na bar takardar nan ta zama tsegumin ranar suna, da yanzu an manta.

Bamanga

*

Gombe
15 ga Yuli, 2024

Fauziyya,

Ina fata lafiya. Mako uku ke nan ba mu ji ɗuriyarki ba. Bashira ta ce saƙonnina suna isa, har alamar an buɗe ta gani. In kunyar zama jikar Safiyanu ce ta hana ki rubutu, ki faɗa kawai, ba ke kaɗai ba ce. Ɗaya daga cikin 'yan uwa ya riga ya ce zai cire sunan daga takardun 'ya'yansa.

Abin da ke ci mini rai shi ne, me ya samu? Na tsaya gaban allo shekara da shekaru ina gaya wa yara yadda aka yi wa Larabawan nan alkawarin ƙasa tasu ta kansu in sun kori Turkawa, alhali Ingilishi da Faransa sun riga sun zauna sun ja layi a taswira, wannan naka, wannan nawa. Manyan shehunai masu dubban raƙuma ma wasa aka yi da hankalinsu, balle ɗan mai salka daga Gombe. Wayyo Alhaji! Mutumin da ya ɗora ni a cinyarsa ya koya mini Fatiha.

An kwantar da Goggo asibiti kwana huɗu, an sallame ta jiya. Ƙafafunta sun kumbura. Liman ya je ya yi mata nasiha cewa uba uba ne ko me ya yi. Ta ce masa ta ji. Ke ma kin san abin da take nufi in ta ce ta ji.

In akwai sauran magana ki yi ta yanzu. In babu, ki rubuto layi ɗaya ki ce babu.

Bamanga

*

Ingila
19 ga Yuli, 2024

Bappa,

Salamu alaikum. Ka yafe mini, don Allah ka yafe mini. Lafiyata lau. Yaya jikin Goggo? Kunya kam na ji, amma ba irin wadda kake zato ba. Da na ce kada a gaya mata, nufina a jira in ga littafi na biyu. Ban rubuta haka ba, tsabar ruɗewa. Littafin kuwa danshi ya lalata shi, yana hannun masu gyara, sai ga shi an tura ni aikin asibiti a wani gari mai nisa. Na karanta wasiƙunka biyu ina kuka, na kasa amsawa hannu wofi bayan ɓarnar da na yi. Jiya aka ba ni littafin. Ban ko ci abinci ba na zauna rubuto maka.

Ka fara jin dalilin shigar kakanmu aikin. Kyaftin ya tambaye shi, ya ce uwarsa tana cikin Madina, an yi wa garin ƙawanya, yunwa tana kashe mutane, shi so yake yaƙin ya ƙare kafin ta mutu. An ce masa in layin dogo ya yanke, Turkawa za su miƙa wuya cikin wata guda.

Bayan jirgin nan na Afrilu sai ya ɓace kwana tara. Da ya dawo, kyaftin ya ce ya rame kuma ya daina dariya. A lokacin Turkawa sun fara kwashe mutanen Madina a jirgi suna kai su Sham saboda yunwa. Aka aike shi tasha, ya dawo ya ce jirgi mai zuwa mata ne da yara. Shehin Larabawan da ke tare da su ya ce shi da mutanensa ba sa taɓa jirgin mata, dole aka bar shi ya wuce. Na biyu ma haka ya ce. Na uku haka. Har jirgi biyar suna wucewa ta kan nakiya ba a tayar ba, kyaftin yana ta cizon yatsa, manyansa suna aiko masa da faɗa.

A na shida ya yi zargi. Ya hau dutse da madubin hangen nesa, jirgin ya zo, sai ya ga sojoji cike da taragu bakwai, taragu biyu na baya kaɗai ne farar hula. Kafin ya sauko jirgin ya wuce.

Aka ɗaure kakanmu a gindin wata ƙaya. Kyaftin ya zaro bindiga ya ce wa tafinta ya tambaye shi nawa Turkawa suka ba shi. Bari in juya maka amsarsa kamar yadda aka rubuta ta:

“Ba su ba ni komai ba, ba su ma san ni ba. Shekaranjiya na shayar da su da hannuna. Yara ne, wasu ko gemu bai fito musu ba, ɗaya ya ce in yi masa addu'a. Wanda na ba ruwa ba zan nuna shi a kashe ba. Kuma nakiyarka ba ta san tarago na gaba da na baya ba.”

Kyaftin ya ce masa, “To uwarka fa? Kowane jirgi da ya wuce ya ƙara wa yaƙin nan kwana.” Ya rubuta cewa mutumin ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, “Na sani. Ita ta raine ni, ba za ta so in saye ta da 'ya'yan wasu ba.”

Bappa, a nan na kife kaina a kan tebur, har dattijuwar nan ta kawo mini ruwa.

Shehin ne ya cece shi. Ya tsaya tsakaninsa da bindiga ya ce wannan ya ci abinci a tantinsa, ba za a zubar da jininsa a gabansa ba. Suka kwance shi suka kore shi cikin hamada, ba raƙumi, sai salkarsa. Abu na ƙarshe da kyaftin ya rubuta a kansa shi ne bai taɓa ɗaukar ɗan leƙen asiri marar amfani irin wannan ba, kuma bai san abin da ya sa ya kasa haɗa ido da shi ba.

Ba zan ɓoye mutum goma sha ɗayan farko ba, suna nan a wuyansa, kuma ina jin shi ma ya san haka. Amma ni dai yau in aka tambaye ni jikar wa ce, da ƙarfi zan faɗa. Na ɗauki hoton shafukan duka, ga su nan. Ka kai mata yau, Bappa, kada ka jira gobe.

'Yarka,
Fauziyya

*

Gombe
27 ga Yuli, 2024

'Yata Fauziyya,

Assalamu alaikum. Allah Ya yi miki albarka, Ya sa ki gama da duniya lafiya. Maganganun da na yaɓa miki a wasiƙar baya, ki zuba su a kwandon shara, tsufa ne da zafin kai. Kowa lafiya. Khalifa yana ta roƙon a bar shi ya karanta wa jama'a sabbin shafukan, na ce ya kuskura.

Ko takalmi ban sa daidai ba na tari keke zuwa Madaki. Na same ta kwance ta ba ƙofa baya. Na zauna a bakin gado na karanta mata wasiƙarki tun daga farko, da ƙarfi, irin karatun kurame, har maƙwabta suka ji. Ba ta motsa ba. Da na kai wurin maganar uwarsa sai na ga kafaɗarta tana rawa. Kin san tsohuwar a Madina ta rasu, cikin yunwar nan, bai sake ganin ta ba. Wannan mun daɗe da sani, dalilin ne ba mu sani ba.

Da na gama ta ce a tashe ta zaune. Ta matso da bakinta kusa da kunnena ta ce, “Jirgi nawa ka ce?” Na ce shida. Sai ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba, ni da nake taƙama na san tarihin gidanmu.

Ta ce lokacin da jirgin ƙasa ya fara zuwa Gombe, Alhaji ya riga ya tsufa. Bai taɓa yarda ya hau ba. Amma duk ranar da jirgin fasinja zai tashi, sai ya ɗauki sandarsa da buta cike da ruwa ya tafi tasha. Ya bi taragu ɗaya bayan ɗaya yana miƙa wa mutane ruwa ta taga, leɓɓansa suna motsi, yana ƙirga kawuna. In jirgin ya tashi ba ya gusawa sai ya ɓace masa da gani, sannan ya ce, “Sun wuce lafiya.” Mutane suka fara cewa Alhaji ya taɓu. Ita kuwa tana matar aure da 'ya'yanta, ita ake aikawa ta dawo da shi. Ta ce, “Shekara uku ina jan hannun rigarsa ina cewa, Baba ka zo mu tafi, mutane suna kallon mu. Ko sau ɗaya ban tambaye shi me yake ƙirgawa ba.”

Jiya Juma'a da hantsi ta ce sai an kai ta tashar. Na ce Goggo ƙafafunki, ta ce ba da ƙafafuna za ta je ba. Muka ɗauke ta ni da Bashira da Jummy. Wurin ya zama kufai, ciyawa ta rufe ƙarafan, awaki suna kiwo a kai. Aka ajiye mata kujera a bakin dandamalin. Ta ɗaga hannu ta yi addu'a mai tsawo. Ta fara da mutum goma sha ɗayan nan da ba ta san sunansu ba, ta roƙa musu rahama, ta roƙi Allah Ya sa su yafe. Sannan ta ambace shi, Safiyanu ɗan shahidin Burmi, da muryar da ni kaina kurma na ji ta sarai.

Rana ta fara zafi, Bashira ta sunkuya ta ce, “Goggo, mu tafi haka, kin gaji.” Ta ture hannunta. Idonta yana kan layin, can inda ya karkata ya shige cikin ciyawa. Ta ce, “Ku bar ni. Baba, yau ba na sauri. Tsaya ka gama ƙirgarka.”

Mun kai azahar a wurin, babu wanda ya sake cewa a tashi.

Bappanki mai alfahari da ke,
Bamanga